Sawun da Ya Fita da Baya

Warƙa ɗari da goma sha biyu na ƙirga ranar Litinin kafin in kulle ɗakin gyara. Ranar Talata da safe na samu ɗari da goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, na kuma sakewa. Ta ƙarshen ce babu, wadda marubucin ya sa sunansa da shekarar da ya gama littafin.

Aikina a laburaren nan jinyar tsofaffin takardu ne. In share ƙura, in liƙe yagewa da siririyar takarda, in yi wa kowane littafi matashin kwali daidai bayansa don kada ya karye idan an buɗe shi cikin akwatin gilashi. Wata huɗu muka yi muna shirin baje kolin littattafan rubutun hannu, yawancinsu kuma aro ne daga gidajen mutane. Ni na bi gida gida ina roƙo, ina cika baki cewa ko ƙuda ba zai sauka a kansu ba. Wanda aka taɓa ɗin littafin magunguna ne na kakan wata Hajiya, wadda sai da na yi mata sawu bakwai kafin ta yarda. Ba ɗinkakke ba ne, warƙoƙi ne a jere cikin jakar fata. Ranar Alhamis za a buɗe baje kolin.

Kafin ƙarfe goma magana ta gama gari. Masu littattafai suka taru a bakin ƙofar laburare, kowa yana cewa a ba shi nasa. Abokan aikina da muke cin abinci kwano ɗaya suka koma gaishe ni daga nesa. Malam, wanda ya koya mini aikin nan tun ban san riƙon wuƙa ba, ya zauna a kujerarsa ya sunkuyar da kai. Shekara shida da yin ritayarsa, amma kullum yana zuwa ya taya mu yankan kwali. Ganinsa a haka ya fi komai karya mini zuciya, don na ɗauka kunyar abin da ya same ni yake ji.

Shugaban laburare ya kira ni ofis, Hajiya tana zaune ta ƙi ko kallona.

"Makullin ɗakin nan biyu ne," in ji shi. "Ɗaya yana aljihuna, ɗaya yana jakarki. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Me kike so in ce?"

"Ranka ya daɗe, ban ɗauka ba."

"Ban ce kin ɗauka ba. Amma in ba ta fito ba zuwa gobe ƙarfe sha biyu, zan kira 'yan sanda, ke kuma ki ajiye makulli."

Hajiya ta ce, "'Yar nan, ke kika ce in yarda da ke."

Ban yi kuka ba, haushi ya hana ni. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan ko alƙalami ban taɓa fita da shi ba. Na fito na kira Kawu a waya.

* * *

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanun sata, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Bai iya karatun takarda ba, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Ya iso da sandarsa bayan azahar, ya dubi benen laburare sama da ƙasa.

"To, sarkin tsiwa, yau kuma wa kika zaga?"

"Kawu, ba wasa. Ni kaina ban san me ya sa na kira ka ba. Takarda ba ta da kofato."

"Wanda ya ɗauke ta ai yana da ƙafa. Nuna mini ƙofar."

Shugaba ya yarda ne kawai don ba shi da wata dabara. Muka hau sama. An shimfiɗa dogon kafet tun daga matakala saboda baƙi, amma bai kai ƙofar ɗakin gyara ba, ya bar fili kamar taku huɗu. Kawu ya tare ni da sanda, ya durƙusa yana nishi, ya kwantar da kumatunsa a ƙasa yana kallon daɓen ta inda hasken taga ke faɗowa. Ya daɗe a haka har na fara tunanin ko tashin ne ya gagare shi.

"Wa ya shafa wa wurin nan mai?"

Aka kira Iya mai shara. Ta zo tana goge hannu da gefen zane, ido jawur, don ita ma an fara yi mata kallon banza.

"Ni ce, Baba. Jiya ƙarfe huɗu da rabi, bayan ita ta kulle ta tafi. Man goge daɓe ne, na shafa na wuce ƙasa. Wallahi ko hannun ƙofar ban taɓa ba."

"Minti nawa yake yi kafin ya bushe?"

"Awa guda, in babu iska."

"Allah ya yi miki albarka. Kin yi mini aikin da ruwan sama yake yi mini a daji."

Ya nuna mini da bakin sanda. Sawunmu na safe bai kama ba don man ya riga ya bushe, amma akwai iri biyu da suka zauna a cikinsa. Ɗaya takalmi ne mai zane-zane, ya zo har bakin ƙofa ya juya. Ɗayan taku uku ne na takalmi mai sulɓin ƙasa, yatsun suna kallon ƙofa.

Na ce, "Ga wanda ya shiga nan."

"Ta ina ya fita?"

Na sake duban daɓen, ban ga sawun fita ba. Kawu ya sa aka kifa kujeru biyu a kan wurin, ya ce kada kowa ya taka.

* * *

Takalmi mai zane bai ba mu wahala ba, yana ƙafar mai hoto, wanda yake ɗaukar mana hoton kowace warƙa. Da ma mutane sun fara raɗa cewa yana da aboki mai sayar da kayan tarihi. Da safe ya rantse wa Shugaba cewa tun ƙarfe uku ya bar laburare.

Kawu ya ce masa, "Samari, ɗaga ƙafarka in gani."

Ya ɗaga. Ga busasshen mai a cikin zanen. Nan da nan gumi ya keto masa.

"Baba, na dawo, gaskiya ne. Cajar kyamarata na manta a ciki. Na murɗa ƙofa na ji ta a kulle, na juya. Tsoro ne ya sa na ɓoye, kun san yadda ake kallona."

Ni kam na riga na yanke masa hukunci a raina, har na buɗe baki zan sauke masa kwandon magana. Kawu ya daka mini harara.

"Ƙarya ya yi, amma ƙafarsa ba ta yi ba. Ya zo da sauri, ya tsaya, ya juya a kan dunduniya ɗaya. Bai tsallaka ƙofar nan ba. Jeka, samari, ka daina rantsuwa a kan abin da ba a tambaye ka ba."

Muka sauka wurin mai gadi. Tsohon soja ne, ba ya dariya ko da kuskure.

"Tun da aka kawo littattafan nan, babu jakar da ta fita ban buɗe ba," in ji shi. "Har ta Shugaba. Jiya mai hoto ya fita biyar saura, Iya biyar daidai, Malam shida saura kwata. Shi ba ya ma zuwa da jaka, hannu biyu yake fita."

Kawu ya ce, "Makullin ƙofar ɗakin gyara fa, yaushe aka canza shi?"

"Ni dai shekarata ashirin a nan, ban ga an canza ba."

* * *

A cikin ɗakin gyara Kawu bai taɓa komai ba. Ya zagaya teburin hannu a baya, ya dubi littafin. An daidaita warƙoƙin tsaf, an mayar da gilashin da muke danne su da shi daidai tsakiya.

"Haka kika bar shi?"

"Haka nake barinsa."

"Ɓarawo mai ladabi." Ya leƙa kwandon shara. "Waɗannan fa?"

Ragowar kwali ne, dogaye guda huɗu, yanka mai kyau. Na kuwa tabbata na zubar da sharar kafin in tafi. Na ɗauko su na gwada da sauran kwalin da ke kan kanta. Wani ya yanki falle biyu, kowanne ya ɗara warƙar da yatsa biyu ta kowane gefe. Haka muke yi idan za mu ɗauki takarda mai rauni, mu sa ta tsakanin kwali biyu mu tallafe ta a kwance.

Kawu ya ce, "Na bi ɓarayi da yawa, ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya yi wa abin sata gado ba. Da mai sayarwa ne, ninke ta zai yi ya cusa a aljihu."

"Kawu, ka gane abin da kake faɗa? Ni ce mai irin wannan aikin. Rami kake ƙara haƙa mini!"

"Ke, ko wani mai hannu irin naki."

"Kada ka fara. Mutumin nan uba ne a wurina."

"Ni ban kira sunan kowa ba. Faɗa mini, me warƙar nan take da shi da sauran ba su da shi?"

Na gaya masa. Ta taɓa yagewa gida biyu, wani ya haɗa ta da salatif ta baya tun shekaru masu yawa. Salatif ɗin ya tsufa ya yi ja, danƙonsa ya ratsa takardar ya fara cin tawada. Shugaba ya ce a ware mata akwati ita kaɗai, a rubuta a ƙasa cewa ga yadda gyaran jahilci yake kashe littafi.

"Ke kuma me kika ce da kika gani? Na san ba ki yi shiru ba."

"Cewa na yi wanda ya yi wannan aika-aika bai cancanci ya taɓa ko takardar ƙunshin gyaɗa ba."

"A gaban wa?"

"A gaban kowa."

Kawu ya girgiza kai. "Bakin nan naki, tun kina goye yake."

Muka fito. Ya sake durƙusawa, wannan karon a kan kafet, yana bin ɗan ƙyallin mai da ya maƙale a gashinsa. Ni ban ga komai ba. Shi kuwa ya bi shi har matakala, ya sauka, ya wuce hawan da ƙofar fita take, ya ci gaba zuwa ɗakin ƙasa inda ake ɗinkin littattafai a da. Shekara goma ba a aiki a wurin. Ƙura ta rufe komai, ban da hannun tsohon injin matse littafi, wanda aka kama da hannu biyu aka murɗa.

Na yi tsalle zan kwance shi. Kawu ya riƙe mini hannu.

"In kika buɗe yanzu, daga ni sai ke, cewa za a yi tsoro ya sa kika dawo da ita. Takarda za ta fito, sunanki ba zai fito ba. Ki bari sai gobe."

Wannan haƙurin shi ne mafi wuya da na taɓa yi, amma na yi shi.

* * *

Ranar Laraba ƙarfe goma Kawu ya tara mu a ɗakin gyara: Shugaba, Hajiya, mai hoto, mai gadi, Iya, Malam da ni. Gab da a taru ya sa Iya ta shafa sabon mai a gefen tsohon sawun. Ya ce in ɗauko wata tsohuwar warƙa daga cikin waɗanda nake koyar da gyara da su, na ajiye a tebur.

"Roƙona ɗaya ne," in ji shi. "Kowa ya ɗauki takardar nan ya fita da ita ƙofa, kamar zai kai ta akwatin gilashi."

Shugaba ya dubi agogo ya yi tsaki, amma ya ɗauke ta da yatsa biyu, ya tura ƙofa da ɗaya hannun ya fita. Mai hoto ya ɗora ta a tafin hannu kamar faranti. Mai gadi ya kama zai ninke ta, sai da na yi ihu. Iya ta ce ita a yafe mata, ba ta taɓa kayan da suka girme ta. Da aka zo kaina, na fara zuwa na tokare ƙofar da katako, don mai nauyi ce, tana komawa ta datse kanta. Sannan na wanke hannu, na sa warƙar tsakanin kwali biyu, na fita ina kallon gabana.

"Me ya sa kika tokare ƙofa?" Kawu ya tambaya.

"Haka aka koya mana a kwas. A buɗe hanya kafin a ɗauki kaya."

Kawu ya zare katakon, ƙofa ta rufe. "Saura Malam."

Shugaba ya ce, "Haba dai, har da Malam?"

"Ai girmamawa ce. Ya nuna wa yara yadda ake yi."

Malam ya miƙe a hankali. Ya je famfo ya wanke hannu, ya goge yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya shimfiɗa warƙar tsakanin kwali biyu, ya tallafe ta da hannu biyu daidai ƙirjinsa. Da ya isa ƙofa sai ya juya mata baya, ya danna hannunta da gwiwar hannu, ya tura da kafaɗa, ya fita da baya. Taku ɗaya, biyu, uku. Na ga ya yi haka sau dubu, ban taɓa lura ba.

Kawu ya ɗage kujerun da ya kifa. Sawu biyu suka bayyana gefe da gefe, na shekaranjiya da na yanzu, yatsu suna kallon ƙofa.

"Kowa ya ga wannan zai ce mai shiga ne," in ji Kawu. "Amma mai tafiya gaba dunduniya yake fara sawa. Wannan yatsu ya fara sawa, sannan dunduniya ta biyo. Ya shiga kafin Iya ta shafa mai, ya fito bayan ta shafa, hannunsa biyu suna riƙe da abin da yake jin tsoron ya ji masa ciwo."

Malam ya dubi ƙasa. Ko a lokacin bai karkatar da kwalin da ke hannunsa ba. Ya dawo ciki ya ajiye shi a tebur, ya ciro wani tsohon makulli daga aljihu ya ɗora a kai.

"Tana ƙasa, cikin injin matsi. Babu abin da ya same ta."

Na juya na zuba masa ido.

"Ni na sa salatif ɗin," in ji Malam. "Shekara talatin da takwas ke nan, ina sabon ɗauka. Mahaifin Hajiya ya kawo ta a yage, ni kuma abin da na sani ke nan a lokacin. Daga baya na gane ɓarnar da na yi. Duk wanda na koyar, farkon abin da nake gaya masa shi ne kada salatif ya shigo ɗakin nan, amma ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. Da na ji za a sa ta a akwati ita kaɗai mutane su zo suna tsine wa mai aikin, sai na ce bari in cire shi in mayar da ita kafin kowa ya sani. Makullina na da yana nan, ba a taɓa tambayata shi ba. Da shi na shiga, na kulle kaina a ciki. Na kai ta ƙasa, na ɗora wuƙa." Ya ɗaga hannuwansa, suna karkarwa. "Suka ƙi tsayawa. Na ji tsoron in ƙarasa ta."

Na ce, "Jiya fa, Malam? Jiya kana zaune ana kallona a matsayin ɓarauniya."

"Ina zaune, 'yata. Sau uku na tashi zan je ofis, na koma na zauna. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi."

Na so in yi masa irin faɗan da na saba, amma maganar ƙunshin gyaɗa da na yaɓa a gabansa ranar nan ta dawo mini. Haushinsa nake ji, ina kuma jin kunyar kaina, duka a lokaci ɗaya.

Aka sauka gaba ɗaya, mai gadi ya kwance injin. Ga ta nan tsakanin kwali biyu, lafiya lau. Hajiya ta sa tabarau ta duba sunan kakanta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo gare ni.

"'Yar nan, na zarge ki a raina. Ki yafe mini."

Shugaba ma ya ba ni haƙuri a gaban kowa, ya ce shi da kansa zai fita ya yi wa masu littattafai bayani. Ya ƙara da cewa batun akwati na musamman an fasa.

"Kada a fasa," in ji Malam. "A sa ta yadda aka shirya. Amma a ƙara layi ɗaya a ƙasa, a rubuta cewa ni na yi. Zan tsaya kusa da ita in gaya wa duk mai tambaya."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Ina yarinya na raka mahaifina ranar da ya kawo ta. Gida biyu take, iska tana neman ɗauke rabin. To, tun da kai ka fara, kai za ka kai ta akwatin da hannunka. In an gama baje kolin, ita ta cire abin, kai kana tsaye kana nuna mata."

Kawu ya jawo sandarsa. "Ni dai a nuna mini inda ake shan shayi, gwiwata ta gama aikinta na bana."

Malam ya wanke hannu a famfon ɗakin ƙasa, ya tallafi kwalin. Ban gama hucewa ba, kuma na san zan daɗe ban huce ba. Amma da na ga ya doshi ƙofa ya fara juya mata baya, sai na riga shi isa, na buɗe ta na riƙe.

"Wuce, Malam," na ce. "Ka dubi gabanka, akwai matakala."